Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Dodon Hoto Da Yadda Za Ka Cece Shi A Gida

A wannan fili mukan buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta a tsanake.

Wasiƙar wannan mako daga Zauro ta fito, cikin ƙasar Gwandu a Jihar Kebbi, daga wani manomin shinkafa wanda kuma yakan taɓa fataucin albasa in rani ya yi. Ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce baffansa, Allah ya jiƙansa, ya shekara da shekaru yana sana'ar ɗaukar hoto, yana bin kasuwanni da bukukuwa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Da damina ta ka da ɗakin marigayin, sai suka ciro wani akwatin ƙarfe cike da fallayen gilashi da na roba masu duhu, wasu faɗin tafin hannu, wasu sun kai littafin rubutun 'yan firamare. In an ɗaga su sama, sai a ga mutane da fararen fuskoki da baƙin rawani. Yara har sun fara wasa da su, uwargida kuma ta ce a zubar, tarkace ne. Shi ne yake tambaya: mene ne waɗannan abubuwa, yaushe aka fara yinsu, kuma akwai yadda za a yi a ga hotunan ba tare da an kai su birni ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kafin mu shiga bayani, ga abu na farko: don Allah ka karɓe su daga hannun yara, ka kuma ba uwargida haƙuri. Abin da ke hannunka shi ake kira dodon hoto, masu shago kuma su ce nagatif. An ce masa dodo ne saboda komai a juye yake fita, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, har mutum ya zama abin tsoro. Amma shi ne uwar hoto. Daga gare shi ake wanke hoto na takarda, ko ɗaya ko ɗari. Kai manomi ne, ka san bambancin shinkafar ci da ta iri. To hoton takarda shi ne na ci, dodo shi ne iri.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1839 ne aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre. Hotonsa a kan farantin tagulla mai rufin azurfa yake fita, kuma ƙwaya ɗaya tak, ba shi haihuwa. Wanda ya fito da dabarar dodo wani Baturen Ingila ne, Henry Fox Talbot. Tun a 1835 ya ɗauki dodon tagar gidansa a kan takarda, a 1841 kuma ya yi rajistar hanyar tasa. Sirrin abin shi ne sinadarin azurfa yakan yi baƙi in haske ya taɓa shi. Saboda haka farin rawani, da yake shi ya fi tura haske cikin kyamara, sai ya fito baƙi. In aka ɗora dodon a kan wata takarda mai irin wannan sinadari aka haska, sai abin ya sake juyawa, rawani ya koma farinsa.

Da yake takarda ba ta nuna abu tangaran, a 1851 sai Frederick Scott Archer ya koma shafa sinadarin a kan gilashi. Wahalar ita ce dole a ɗauki hoton a kuma wanke shi tun gilashin yana da danshi, don haka mai hoto da ɗakin duhunsa yake yawo. A 1871 wani likita, Richard Maddox, ya nuna yadda za a cuɗa sinadarin da wani abu mai kama da ƙaro da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, ya bushe a jikin gilashi, a ajiye sai ranar buƙata. Ka riƙe maganar wannan ƙaro, za mu dawo kanta. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, a 1889 ya fara sayar da fim na roba mai naɗi, sa'an nan a 1913 kamfanin nasa ya fito da fim falle-falle domin masu shagon hoto, wanda sannu a hankali ya ture gilashi.

Dalilin girman waɗanda ka gani kuwa, a da ba kowane mai hoto ke da na'urar ƙara wa hoto girma ba. Dodon ake mannawa da takarda a haska, saboda haka girman dodo shi ne girman hoto. Akwai mai inci 4 da 5, akwai 5 da 7, akwai 8 da 10. Su ne ake sa wa babbar kyamarar nan mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle. Wannan girma ba ƙaramar ni'ima ba ce a yau. Mai inci 4 da 5 ya ninka ɗan ƙaramin fim mai ɗaukar hoto 36 da muka sani wajen sau 15 a faɗi. Shi ya sa a cikinsa za ka iya ganin aikin allurar da ke wuyan riga, da tsagar fuska, da rubutun allon shago da ke can bayan mutum.

Yadda ya iso ƙasarmu

Ta bakin teku hoto ya shigo Nijeriya. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi sana'ar, shi ne ma ya ɗauki shahararren hoton Sarkin Binin Ovonramwen bayan Turawa sun kama shi a 1897. A nan Arewa kuwa, kyamara ta biyo sojan Turawa ne, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, da 'yan mishan da 'yan kasuwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai masu hoto daga Kudu suka riƙa haurowa suna buɗe shaguna a sabon gari, daga hannunsu kuma 'yan Arewa da dama suka koya.

Dubi shekarar 1934 kaɗai. A cikinta ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka ziyarci Ingila, aka yi ta ɗaukarsu hotuna. A cikinta ne kuma Sarkin Musulmi Hassan ya kai ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa kamun kifi domin nuna cewa gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi ta wuce. Wannan shi ne tushen bikin kamun kifin Argungu da ake yi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Hotunan sarakuna da na manyan bukukuwa irin waɗannan sun samu masu adana su. Wasu suna gidajen ajiyar tarihi na Ingila, wasu suna Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House da aka kafa a 1970. Argungu ma tana da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar wurin ajiyar kayan tarihi a 1958.

To amma wa ya ɗauki talaka? Wa ya ɗauki amarya da ƙawayenta, da ɗan kokawa da layunsa, da Basarke da homarsa, da mai niyyar aikin Hajji da ke neman hoton fasfo, da ɗan makarantar da ya ci jarrabawa? Irin su baffanka ne. Su kuwa ba wata hukuma da ta taɓa bin sawun kayansu. Da injinan wanke hoto mai launi suka yawaita a shekarun 1980, sai kasuwar hoton baƙi da fari ta faɗi. Da wayar salula ta shigo a 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta, sai fim ɗin kansa ya zama labari. Ko kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamara marar fim tun 1975, sai da ya kai kansa kotu a kan karayar arziki a 2012. Masu hoto suka tsufa, aka rufe shaguna, akwatuna suka koma ƙarƙashin gado. Saboda haka tarihin sarauta yana da hotuna, tarihin ni da kai kuwa yana cikin akwatin ƙarfe irin naka.

Darasi daga Bamako da Binin

Don kada ka ce na cika baki, bari in ɗan kai ka ƙasar Mali, inda wani akwati irin naka ya girgiza duniya. Seydou Keita ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar jama'ar gari a kan babban fim, yana adana dodanninsa dubbai cikin tsari. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, wani mai hoto ɗan'uwansa Malick Sidibé ya gane aikin, aka iske tsohon da kayansa lafiya lau. A 1994 aka shirya masa nuni na musamman a Faris, sunansa ya zaga duniya. Sai dai bayan rasuwarsa a 2001 an yi doguwar jayayya a kan ɗaruruwan dodanninsa da aka tafi da su Faransa. Ka ga darasi biyu ke nan. Adanawa ta yi rana, sakin uwa daga hannu kuma ya haifi rigima.

A nan gida Nijeriya, Solomon Osagie Alonge, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1994, shi ne mai hoton fadar Sarkin Binin Akenzua na Biyu, ya kuma buɗe shagonsa a 1942. Gilasansa sun tsira, a 2009 suka koma hannun cibiyar Smithsonian ta Amurka, a 2017 kuma aka zo aka nuna hotunan a gidan tarihi na Binin, jikoki suka ga kakanninsu. A Mali kuma, masana daga Jami'ar Jihar Michigan sun haɗa kai da iyalan masu hoto biyar, aka tsabtace dodanni wajen 100,000 aka shigar da su kwamfuta, a can Bamako aka yi aikin. Wannan hanya ta ƙarshe ita ta fi kama da abin da nake so ka yi: hoton ya shiga na'ura, uwa ta zauna gida.

Abokan gabar dodo

Ka tuna ƙaron nan da na ce ka riƙe? Hoton a jikinsa yake, a gefen da ba shi sheƙi. Da yake daga jikin dabba ya fito, danshi yana kumbura shi, fumfuna tana cinsa, kyankyaso ma yana gwaguyarsa, gara kuma ta cinye takardar da aka naɗe shi. Mu kuwa mutanen kwarin Rima mun san danshi. Ba mu manta da ambaliyar 2010 ba, ba mu manta da ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi ba. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai kartar fim kamar yashi.

Robar ma iri biyu ce a tsofaffin. Ta farko, wadda aka daina yi a farkon shekarun 1950, mai saurin kama wuta ce ƙwarai, in ta kama kuwa ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. Duba gefen fim ɗin. In ka ga an rubuta "NITRATE", to ita ce, ka nisanta ta da murhu da fitila da ɗakin janareta da galan ɗin fetur. In ta yi ruwan ƙasa tana danƙo tana wari, ka ware ta nesa da ɗakin kwana. In ka ga "SAFETY", ba ta da wannan haɗari, amma tana da nata ciwon. In ta tsufa takan yi warin tsami irin na ruwan khal, ta yamutse, kuma tururin yana harbin na kusa da ita. Duk wanda ka ji yana wannan wari, ka ware shi, kuma shi za ka fara ɗauka domin kwanansa ya kusa ƙarewa.

Yadda za ka yi a gida

Shigar da hoto cikin kwamfuta ya faro ne a 1957, lokacin da Russell Kirsch na Amurka ya shigar da hoton jaririnsa. A yau wayar da ke aljihunka ta fi na'urar tasa nesa ba kusa ba. Akwai sikana ta musamman mai fitila a murfinta, irin su Epson V850, wadda ke ɗaukar dodo har mai inci 8 da 10, amma tana da tsada. Sikanar da aka saba gani a shagunan buga takardu kuwa ba ta da wannan fitila, don haka ba ta fitar da dodo da kyau, saboda shi dodo ta baya yake son haske. Ga yadda za ka yi da waya:

Na farko, wanke hannu ka busar, ka riƙa kama dodon ta gefe. Kada ka sa masa ruwa, kada ka goge shi da tsumma. In akwai ƙura, ka kaɗe ta a hankali da burushi mai laushi. Wannan da kaina na ɗanɗana. Lokacin ina malamin firamare, kafin in shigo aikin rediyo, na samu dodon hoton kakata guda ɗaya tilo, na ga ya yi datti, na jiƙa ƙyalle na goga. Fuskar ta biyo ƙyallen. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na biyu, samo haske mai laushi wanda ya bazu daidai. Ka iya manna farar takarda marar layi a gilashin taga ko na mota ta gefen inuwa, ko ka ari wata babbar waya ka sa fuskarta ta yi fari fat, ka ƙure haskenta. In da waya za ka yi, kada dodon ya kwanta a kanta, ka ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu a kan wani gilashi mai tsabta, in ba haka ba ɗige-ɗigen fuskar wayar za su fito cikin hoton. In dodon ya fi wayar girma, to hanyar taga ta fi. Kada ka bar shi a rana.

Na uku, samo kwali ka huda ƙofa a samansa daidai idon kyamarar wayarka, ka kife shi a kan dodon da hasken, ka kwantar da wayar a kai. Kwalin zai hana hannu rawa, ya kuma tare hasken waje. Gefen dodon mai sheƙi shi zai kalli kyamara, in ba haka ba rubutu zai fito a birkice. Kashe filasha, goge idon kyamara, taɓa tsakiyar hoton ya fito sarai, sa'an nan ka sa agogon ɗauka na daƙiƙa uku ka janye hannu. In dodon babba ne, bayan ka ɗauki dukkansa, ka matso ka sake ɗaukar fuskoki daban.

Na huɗu, juya launi. Yawancin wayoyi suna da wurin juya launin fuska a cikin saitinsu, ta nan za ka iya leƙa hoton nan take. Domin a juya shi dindindin kuwa akwai manhajojin gyaran hoto na kyauta, irin su Snapseed. In abin ya ba ka wuya, kira ɗanka ko ƙanenka ɗan sakandare, minti kaɗan zai gane. Ka bar na asalin da ka ɗauka, ka ajiye wanda aka juya daban.

Na biyar, kada ka ajiye a wuri ɗaya. Waya takan faɗa ruwa, akan kuma sace ta a kasuwa. Ka sa a katin memori, ka tura wa imel ɗinka, ka kuma tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto yakan rage masa kyau.

In ka gama, kowane dodo ka sa shi cikin ambulan ɗinsa na takarda mai tsabta, ban da leda, domin leda tana riƙe gumi. Gilasai a tsaye ake jera su kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani nauyi ya fasa na ƙasa. Wanda ya riga ya fashe kada ka yar, ka jera gutsattsarin ka ɗauka, ka adana shi a kwance tsakanin kwali biyu. Akwatin kuma ya hau kan maratayi ko tebur, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo.

Aikin da ya fi gaggawa

Saura abu guda, kuma shi ya fi duka. Hoton da ba a san mai shi ba, rabin amfaninsa ya tafi. Da zarar fuskoki sun fito a waya, ɗauke ta ka nufi wurin tsofaffi, gwaggo da inna da limamin unguwa da abokan marigayin da suka rage. Ka tambaye su wane ne wannan, ɗan wane gida ne, bikin wa aka yi, zamanin wane sarki ne. Ka ba kowane dodo lamba, ka rubuta bayanin da fensir a bayan ambulan, ban da jikin dodon, ka kuma naɗi muryarsu a waya. Gilashi in an kula da shi yana iya haura shekara ɗari. Tsohuwar da ta san sunayen ita ce ba ta da wannan lokaci.

Sa'an nan ka tuna cewa amana ce. Hoton matan mutane da 'ya'yansu ba na watsawa a Facebook ba ne sai da yardar iyalinsu. Ka nemi gidajen ka kai musu. Akwai wanda bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa ba, ta yiwu tana cikin akwatin nan. In kuma wani baƙo ya zo da kuɗi yana son saye, kada ka yi gaggawa. Kayan gado ne, sai ka shawarci sauran magada. In za a ba da aro, a yi a rubuce da shaidu. In kun ga ba za ku iya riƙewa ba, ku fara tuntuɓar gidan tarihi na kusa da ku.

Ku ma sauran jama'a, daga Ambursa zuwa Gulma, daga Kalgo zuwa Augie, duk wanda ya san tsohon mai hoto ko magadansa, ya kai musu wannan labari kafin damina mai zuwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jikokinmu za su ji labarin yadda ake kamun kifi da noman fadama a da, amma ganin sai in mun adana musu.

Malam na Zauro, da fatan ka gamsu. Allah ya jiƙan baffa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba da damina mai albarka. In ka gwada, ka rubuto mana abin da ka gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.